Shin in bar PHP in koma Go, ko in tsaya inda nake?

Abu_Safiyya_KT

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani lamari da ya hana ni sukuni tun ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Shekara shida ke nan ina rubuta manhaja da yaren PHP, kuma abin da nake riƙe gidana da shi shi ne wata manhajar kula da makarantu da na gina a kan Laravel, wani shiryayyen tsarin gina manhaja da PHP. Makarantu bakwai ne ke amfani da ita, biyar a cikin garin Katsina, ɗaya a Dutsin-Ma, ɗaya a Daura. Tana riƙe rajistar ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta da makin jarrabawa, sannan ta fitar da takardar sakamako.

Ana gobe za a ba da hutu, ina zaune a ofishin wata makaranta wajen Ƙofar Ƙaura, janareta na ruri a bayan taga, malamin jarrabawa na tsaye a kaina da damin takardu a hannu. Na danna maɓallin fitar da sakamakon ɗalibai 600, shafin ya yi ta juyi, can sai ya koma fari fat. Sau uku ina gwadawa. A ƙarshe aji-aji muka riƙa fitarwa, ba mu bar wurin ba sai bayan isha'i.

Wani abokina da ke aiki a Abuja ya ce laifin PHP ne, in sake rubuta komai da Go, wani yaren rubuta manhaja dabam. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya da Go ba. Shin wannan sauyi ya cancanci wahalarsa? Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa barin yaren da suka ƙware a kai suka kama wanda ba su sani ba.

Hauwa_Kod

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga maganar sauya yare, ka auna ka ga inda lokacin yake tafiya? PHP yana yanke aiki idan ya wuce daƙiƙa 30, matuƙar ba a sauya wannan ƙa'ida ba, kuma ina zargin farin shafin da ka gani daga nan ya fito. Abin tambaya shi ne me ya sa aikin ya kai daƙiƙa 30 tun farko.

Abin da na fi gani a irin wannan manhaja shi ne a ɗauko jerin ɗalibai, sannan a kan kowane ɗalibi a koma rumbun bayanai a tambayi makinsa darasi bayan darasi. Ɗalibai 600, darussa 12, an yi wa rumbun MySQL tambaya 7,200 ke nan a kan aikin da tambaya uku ko huɗu za su gama. Idan haka kod ɗinka yake, ko da wane yare ka sake rubuta shi a kan wannan tsari, rumbun ne zai ci gaba da riƙe ka. Ka saka Debugbar, kayan bincike na Laravel, ka ƙirga tambayoyin, ka kuma duba da umarnin EXPLAIN na MySQL ko teburin maki yana da fihirisa (index, mai sa a nemo bayani da sauri) a kan lambar ɗalibi.

Injiniya_Daura

Maganar Malama Hauwa tana kan hanya, amma ni zan tsaya wa Go, domin da shi nake aiki shekara uku ke nan daga nan Daura, wa wani kamfani na waje. Ba yaren jiya ba ne. Google ne ya fito da shi a 2009, sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a 2012, kuma cikin mutum uku da suka tsara shi akwai Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Unix. Docker da Kubernetes, manyan kayan gudanar da manhajoji, duk da shi aka rubuta su.

Abin da ya fi burge ni shi ne idan ka harhaɗa kod ɗinka, fayil guda ɗaya kake samu. Ka ɗora shi a kan saba (server, kwamfutar da ke riƙe manhajar), ka tayar, aiki ya fara. Yaren kuma ƙarami ne, keɓaɓɓun kalmominsa 25 ne kacal, don haka wanda ya yi shekara shida yana rubuta manhaja zai iya karanta shi cikin mako biyu. Ga irin aikinka kuwa, yana da hanya mai sauƙi ta raba aiki kashi-kashi a yi su lokaci guda, sai takardu 600 su fita cikin ɗan lokaci.

Dattijo_Gobarau

Ɗana Abu Safiyya, bari in ba ka labarina, ka ɗauki abin da zai amfane ka. Na fara da Visual Basic 6 a ƙarshen shekarun 1990, na rubuta wa shagunan magani da 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya. Da Microsoft suka fito da VB.NET a 2002, sai ya kasance suna ne kawai ya yi kama, ciki kuwa wani yare ne dabam, tsohon kod ba ya shiga kai tsaye. Na ƙi motsawa. Na ce abin da yake aiki a bar shi. A 2008 suka daina tallafa wa kayan rubuta VB6, ni kuwa ina nan. Sannu a hankali masu shagunan suka fara neman abin da za su duba ta waya daga gida, ni ba ni da shi, suka koma wajen yaran da na koya wa aiki. Ban koyi PHP ba sai da furfura ta fara fito mini, kuma na sha wuya ƙwarai.

Don haka ba zan ce maka kada ka koyi sabon yare ba. Amma ka bambance abu biyu: koyon yare dabam, rushe ginin da kake ci daga gare shi dabam. Netscape sun yanke shawarar sake rubuta burauzarsu daga tushe, siga ta 5 ba ta taɓa fitowa ba, ta 6 kuwa sai ƙarshen shekarar 2000, lokacin Internet Explorer ya riga ya cinye kasuwa. Su kamfani ne mai ɗimbin ma'aikata. Kai kai kaɗai ne.

Ɗan_Kusugu

Idan har sauri ake nema, me zai hana a tafi yaren Rust kai tsaye? Ya fi Go sauri, kuma tun 2022 aka fara karɓarsa a cikin Linux.

Injiniya_Daura

Ƙanena Ɗan Kusugu, abin da ka faɗa game da Linux gaskiya ne, amma Rust yana tilasta maka ka bi ƙa'idoji masu tsauri a kan wane sashe na kod ne ya mallaki kowane bayani a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma mutane kan yi watanni kafin su saba. Manhajar makaranta ba ta buƙatar wannan. Mu bar shi a kan zaɓi biyun da mai tambaya ya kawo.

Bashir_Funtua

Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma a kansa na ƙone. Malam Abu Safiyya, cikin makarantunka akwai masu sashen Islamiyya? Idan akwai, takardar sakamakonsu tana ɗauke da Larabci: Alƙur'ani, Fiƙihu, Hadisi, wani lokaci har da sunan ɗalibi. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, kuma siffar harafi tana sauyawa gwargwadon matsayinsa, farkon kalma ko tsakiya ko ƙarshe. A PHP akwai mPDF, laburaren fitar da takardu a PDF, wanda ya daɗe da iya wannan.

Bara na ɗauki wani ƙaramin aiki na takardun shaidar saukar Alƙur'ani, na ce bari in gwada Go. Laburaren PDF da na fara ɗauka ya fitar mini da haruffan a rarrabe, kowanne tsaye shi kaɗai, kuma a juye daga hagu. Mai makarantar ya karɓi takardar, ya juya ta, ya dube ni, bai ce komai ba. Kwana tara na yi a kan wannan matsala guda, a ƙarshe sai da na koma amfani da Chrome a bayan fage yana mayar da shafi zuwa PDF, abin da ya cinye ƙwaƙwalwar ƙaramar sabar da nake haya. Yaren kansa bai ba ni wahala ba. Abubuwan da na saba samu a shirye ne na nema na rasa.

Malamin_Kwamfuta

Ni ta wani ɓangare zan duba. Ina koyarwa a wata babbar makaranta a jihar nan, kuma kowace shekara ɗalibai kan zo neman wurin yin aikin sanin makama. Mafi yawansu sun taɓa C++ ko Java a aji, sun koyi PHP ko Python ko JavaScript da kansu. Wanda ya san Go a cikinsu sai an tona. Malam, ranar da ka kwanta rashin lafiya, ko ka tafi aikin Hajji ya zo daidai da makon jarrabawa, wa zai buɗe kod ɗin nan ya gyara? Idan Laravel ne, za ka iya samun yaro daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman ka zaunar da shi wata guda ya kama hanya. Idan Go ne, wataƙila sai ka nemo daga Kano ko Abuja, kuma ladansa ba zai yi daidai da abin da makarantun nan suke biyanka ba.

Injiniya_Daura

Malam, da girmamawa, wannan hujja ita ce take tsayar da mu wuri ɗaya. Idan kowa ya ce ba zai yi amfani da yare ba sai an sami masu shi a gari, yaushe za a same su? Wani ne zai fara ya koyar da wasu. Ni kaina akwai matasa biyu a unguwarmu da nake zama da su ranar Asabar, kuma ɗayansu ya fara rubuta abin kirki.

Amma na karɓi gyaran Malam Bashir. Ban taɓa fitar da Larabci a PDF da Go ba, aikina duk na musayar bayanai ne tsakanin sabobi.

Umman_Fadila

Ku yi mini afuwa, ni ba mai rubuta manhaja ba ce. Ma'ajiya ce a wata makaranta mai zaman kanta a Daura, ɗana ne ya saka ni cikin zauren nan don ina yawan tambayarsa. Ina so ku ji ta bakin masu amfani da abin da kuke ginawa.

Mun taɓa samun wanda ya sabunta mana manhaja a tsakiyar zango na biyu. Ya ce sabuwar ta fi sauri, kuma gaskiya ta fi. Amma tsohuwar ta san cewa idan uba yana da 'ya'ya uku a makaranta ana rage wa na ukun kuɗi, ta san marayun da hukumar makaranta ta yafe wa, ta san waɗanda ke biya kashi biyu. Sabuwar ba ta san ko ɗaya ba, domin shi kansa ya manta cewa ya taɓa saka su. Mako uku ina zaune da littafin rasit da kalkuleta, iyaye na layi a bakin taga, har wata uwa ta yi kuka a gabana don an tura mata takardar bashin da ba a bin ta. Mu ba mu san PHP ko Go ba. Idan za ka sauya, ɗana, ka yi shi a dogon hutu, kuma ka zauna da ma'ajin kowace makaranta ya lissafa maka irin waɗannan ƙananan ƙa'idoji kafin ka fara.

Dattijo_Gobarau

Allah ya saka da alheri, Hajiya. Abin da kika faɗa shi nake nufi da rushe gini. Kod na shekara shida cike yake da gyare-gyaren da aka yi saboda wani ya kira waya da dare yana ƙorafi, kuma ba a rubuta dalilinsu a ko'ina ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma bayan shekaru shi ma yakan manta inda ya liƙe.

Sadiya_Malumfashi

Ina da tambaya a gefe, tunda an ambaci haruffa. A manhajata sunaye irin su Ɗanladi da Ɗahiru suna komawa alamar tambaya bayan an adana su. An ce mini sai na koma utf8mb4, wani tsarin adana haruffa na MySQL. Shin sauya yare zai magance wannan?

Hauwa_Kod

'Yar uwa Sadiya, yare ba shi da hannu a ciki. Kusan tabbas teburinki ko mahaɗarki da rumbun tana kan tsarin haruffa na latin1 ne, wanda ba shi da gurbin ɓ, ɗ da ƙ. Ko tsohon utf8 na MySQL yana ɗaukar haruffanmu masu lanƙwasa, sai dai utf8mb4 ya fi cika, don haka shi za ki zaɓa. Sunayen da suka riga suka koma alamar tambaya kuwa sun tafi, sai an sake shigar da su.

Wannan ya shafi tambayar Malam Abu Safiyya ta wata fuska. A PHP, umarnin auna tsawon rubutu, strlen, yana ƙirga ƙ a matsayin biyu, domin gurbi biyu take ci, sai ka yi amfani da mb_strlen. A Go ma len haka yake yi, duk da cewa Ken Thompson da Rob Pike, biyu daga cikin masu Go, su ne suka tsara UTF-8 a 1992. Tarkon da ka sani a gidanka yana nan a gidan maƙwabci, sai dai a can ba ka san sunan maganinsa ba tukuna.

Abu_Safiyya_KT

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malama Hauwa, na bi shawararki daren jiya. Tambayoyi sama da dubu takwas manhajar take yi a kan wannan maɓalli ɗaya, kuma teburin maki ba shi da fihirisa ko ɗaya ban da ta asali. Na saka fihirisa, na ɗauko makin gaba ɗaya da umarnin with na Laravel, tambayoyin suka dawo ƙasa da goma. Abin da ya rage yana cin lokaci shi ne haɗa PDF ɗin kansa. Malam Bashir, makarantu huɗu cikin bakwai suna da Larabci a takardarsu, kuma mPDF nake amfani da shi, ban taɓa tunanin zan rasa shi ba.

Amma zan faɗi gaskiya, ba saurin kaɗai ne ya kawo ni ba. Ina da shekara 34. Tun da aka saki naira a 2023, kuɗin duk abin da nake biya da dala ya ninka, makarantu kuwa ba sa iya ƙara mini ko rabin haka. Idan na duba tallan aiki na waje sai in ga Go da TypeScript da Python, zuciyata ta ce an wuce ni. Labarin Baba Dattijo ya taɓa ni ta nan.

Kabir_Jibiya

To yanzu ka fito da ainihin tambayar, kuma ita ce ta cancanci amsa. Da farko, PHP bai mutu ba. Wikipedia a kansa take, WordPress a kansa yake. Facebook da suka girma ba su zubar da kod ɗinsu ba, injin da ke gudanar da shi suka sake ginawa, suka fito da Hack, yaren da ya samo asali daga PHP, a 2014. A ɗaya ɓangaren, Twitter sun janye manyan sassan aikinsu daga Ruby zuwa Scala lokacin da jama'a suka yi musu yawa, amma sashe-sashe suka yi, cikin shekaru. Kowanne ya duba ciwonsa ne.

Sannan wace sigar PHP kake kai? Idan 7.4 ce, an daina yi mata gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, kuma Laravel 9 zuwa sama ba ya hawa sai PHP 8. Bayanan yara da lambobin iyayensu kake riƙe da su. Wannan ƙaura ta fi gaggawa a kan kowace.

Abu_Safiyya_KT

7.4 ce, Malam Kabir, da Laravel 8. Na daɗe ina ɗaga wannan aiki.

Injiniya_Daura

To ga matsakaiciyar hanya. Ka ɗaga PHP ɗinka a dogon hutu kamar yadda Hajiya ta ce. Sannan ka zaɓi abu guda ƙarami wanda idan ya faɗi ba wanda zai yi kuka, misali aika saƙon tes ga iyaye, ka rubuta shi da Go ya zauna a gefe yana karanta rumbu ɗaya da tsohuwar manhaja. Cikin wata uku za ka san ko yaren ya kwanta maka. Ka shirya wa abubuwan da za su ba ka haushi: bayan kusan kowane kira sai ka duba kuskure da hannunka, babu gado tsakanin sassan kod (class inheritance) irin wanda ka saba, kuma abubuwan da Laravel ke ba ka kyauta, kamar shiga da kalmar sirri da tantance fom, kai za ka harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Bashir_Funtua

Injiniya, ka manta da masauki. Idan yana kan masaukin haɗaka mai cPanel, wato saba ɗaya da mutane da yawa ke rabawa, wanda ake biya da naira, yawancinsu ba sa barin shiri ya zauna yana gudana dare da rana. Go zai buƙaci VPS, wato sabar haya tasa shi kaɗai, ke nan ƙarin kuɗi duk wata, kuma tsaron sabar da ajiyar kwafin bayanai sun dawo wuyansa. Mutumin da ke kukan dala za a ƙara wa kuɗin dala.

Malamin_Kwamfuta

Idan aikin waje ne burin, ni ban tabbata Go ne ƙofar da ta fi kusa da shi ba. Ya riga ya san JavaScript gwargwado, tunda ba a gina shafi ba tare da shi ba. TypeScript, wanda Microsoft suka fitar a 2012, ɗori ne a kan JavaScript, don haka rabin tafiyar ya riga ya yi. Kuma masu ɗaukar aiki sun fi duba abin da mutum ya gina yana aiki a hannun jama'a. Makarantu bakwai na shekara shida ba ƙaramin abu ba ne a takardar neman aiki.

Hauwa_Kod

Ban yarda gaba ɗaya ba, Malam. Na koyi Go bara ba don aiki ba, kuma ko da yake har yau da PHP nake ci, ya sauya yadda nake rubuta shi. Yanzu ina bayyana nau'in kowane bayani, ina tunanin inda kira zai iya faɗuwa tun kafin ya faɗi. TypeScript ba zai fitar da shi daga duniyar da ya saba ba kamar yadda Go zai yi.

Malam Abu Safiyya, game da PDF ɗin da ya rage, kada ka bar shi a cikin shafi. Ka tura shi layin aiki na Laravel, cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, ya riƙa ɗauka aji-aji a bayan fage, malamin jarrabawa ya dawo ya sauke idan an gama.

Dattijo_Gobarau

Ɗana, awa nawa kake da su a mako waɗanda ba na makarantun nan ba ne, ba na iyali ba? Ka ƙirga su da gaske ka faɗa mana. Ni a lokacina abin da ban ƙirga ba ke nan.

Abu_Safiyya_KT

Baba, idan na cire kiran waya da zirga-zirgar makarantu, ba su wuce awa shida ba, yawanci bayan asuba kafin a tafi kai yara. Ɗaga PHP zai cinye dogon hutun nan gaba ɗaya. Injiniya, idan na fara manhajar saƙon tes ɗin a watan Satumba, ƙaramar VPS mai ƙwaƙwalwa gigabait ɗaya za ta ɗauke ta, ko sai na nemi babba? Malam Bashir kuma, wane laburaren PDF ne ya watsa maka haruffan, don in gwada shi da sunayen darussanmu in gani da idona?